Kwanar Gidan Inna

In aka jera surukan garin nan kaf aka ce a fitar da wanda ya fi kowa ladabi, ba za a ɓata lokaci wajen shawara ba. Mai-taswira ne. Wata goma sha ɗaya cur ya yi yana tsayawa a ƙofar gidan iyayen matarsa sau biyu a rana, da safe in zai tafi ofis, da yamma in ya taso. Zai kashe babur, ya cire hular kwano, ya durƙusa ya gaida tsohon da ke zaune kan benci, sannan ya shiga ciki ya gaida tsohuwa. Iyaye mata na unguwar har gori suke yi wa mazan 'ya'yansu da shi. Surukin nasa, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa jirgin ƙasa kafin ya ajiye aiki, ya kuma san darajar abin da ke isowa a kan lokaci, ya sha gaya wa abokan hirarsa cewa shi yanzu ya daina duba agogo. Ƙarar babur ɗin yaron nan ta ishe shi.

Abin da tsohon bai sani ba shi ne, yaron nan bai iya shan kwanar hagu ba.

Yaron nan shekararsa arba'in da shida. Aikinsa zana tituna a ofishin tsara gari, a hawa na biyu, cikin ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon tankin ruwa. Shekara ashirin da biyu yana zaune a teburi ɗaya, yana jan layi yana tanƙwasa shi, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa tuƙa komai ba, ko keke. Motar ma'aikata ce ke ɗaukarsa ta dawo da shi. Da injin motar ya buga, aka ajiye ta a bayan ofis da alƙawarin gyara, har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta, sai ya sayi babur. Ya koya a filin ƙwallo cikin mako guda, daga wannan raga zuwa waccan, miƙe. Ran da ya kawo shi gida, matarsa, wadda ke aikin jinya ta kuma ga abin da babur ke yi wa mutane, ta tambaye shi ko ya koyi shan kwana. Ya yi mata bayani cikin haƙuri cewa kwana ba komai ba ce illa yankin da'ira, kuma shi da hannunsa ya zana fiye da dubu.

Washegari ya tafi nuna wa Inna. Gidan mahaifiyar tasa yana cikin wani lungu da ke kan hanyarsa ta zuwa ofis. In ka shiga lungun ka ɗan gangara, sai ya karya hagu sosai a daidai shagon wani tela, kuma a bakin kwanar akwai lambatu buɗaɗɗe, mai zurfi, baƙi ƙirin. Wata hanyar shiga babu. Katangar makaranta ta toshe ɗaya bakin. Mai-taswira ya gangara, ya hango lambatu, ya ce a ransa, kada ka faɗa lambatun nan. Don tabbatar da haka sai ya kafe shi da ido. Babur ya nufi lambatu kai tsaye kamar an aike shi. Ya damƙi birkin gaba da dukkan ƙarfinsa, taya ta zame, ya sha ƙasa ta gefen hagu, ƙafa ɗaya a cikin ruwan. Tela ya fito da almakashi a hannu, ya ɗaga masa babur, ya yi masa sannu sau uku yana cije leɓe. Mai-taswira ya dubi wandonsa, ya dubi madubin da ya fashe, ya juya ya tura babur zuwa gida. Bai ƙarasa gidan Inna ba. Ya ce wa matarsa akuya ce ta gitta. Ta wanke masa gwiwa, ta naɗe.

Gwiwa ta warke cikin mako biyu. Hagu ce ba ta warke ba. Da ya tunkari kwanar hagu sai hannayensa su sandare, kafaɗunsa su hau har kunnuwa, idonsa ya nemo abu mafi muni a wurin, ko rami, ko sandar lantarki, ko mai tallan lemu, ya manne a kai. Dama kuwa lafiya lau, yana shanta kamar ruwa. Da wani ne, da ya koma filin ƙwallo. Shi teburinsa ya koma. Ya shimfiɗa taswirar gari, ya feƙe fensir, cikin awa biyu ya fitar da hanya daga gidansa zuwa ofis wadda babu kwanar hagu ko ɗaya a cikinta, babu shataletale. Tsohuwar hanyar minti goma ce. Sabuwar minti arba'in, a karya dama sau bakwai, ta bayan kasuwar katako, ta gefen maƙabarta, ta gaban gidan surukansa. Ta dawowa ma, duk yadda ya juya takardar, sai ta biyo ta ƙofar gidan.

Sannu a hankali rayuwarsa duka ta karkata dama. Ya canza mai aski, bayan shekara goma sha biyu, don shagon tsohon mai askin yana hagu. Ya canza gidan mai. Abokinsa na ƙuruciya da ke zaune bayan shataletale ya koma abokin waya. Ran da ya goyo matarsa zuwa kasuwa, ta tambaye shi daga baya me suke yi a gefen maƙabarta, ya ce titin can ya lalace, kuma mutumin da ke aiki a ofishin tsara gari ba a yi masa musun titi.

Gidan surukai kuwa, ranar farko wucewa kawai ya yi niyya. Amma tsohon yana kan benci, ya ɗaga hannu, kuma mutum ba ya wuce surukinsa da hon. Ya tsaya. Rana ta biyu babu yadda za a yi ka wuce wanda ka gaisar jiya. Kafin wata ya cika an ware masa kujera, an san yawan sukarin da yake so a shayi, an fara ajiye masa saƙo: maganin hawan jini da za a karɓo, rediyon da za a kai gyara. Kowace yamma tsohon yana ba shi labarin jirgi, kuma a duk labaran abu ɗaya ne ya taɓa zuciyar Mai-taswira, ran da surukin ya ce direban jirgi ba ya shan kwana, layin dogo ne ke sha masa. Ya daɗe yana juya maganar. Ya ga lallai ya yi kuskuren sana'a.

A gida matarsa ta fara kallonsa da wani ido da rabonta da shi tun suna amarci. Ta daina yi masa maganar jefa safa a ƙarƙashin gado. Wata rana ta ce masa ita ba ta san haka yake ƙaunar iyayenta ba, ta share ƙwalla da bakin mayafi, shi kuma ya ce ai ba komai, iyayenta iyayensa ne. Daga ranar ƙofa ta rufe. Faɗin gaskiya yanzu yana nufin ya tsaya gaban mutum uku ya gaya musu duk gaisuwar nan tsoron lambatu ce.

Labari kuwa ya isa lungun Inna, don garin bai kai girman da za a ɓoye ladabi ba. Ba wai ba ya zuwa gaishe ta ba ne. Yana zuwa, ranar hutun mako, da ƙafa, tafiyar rabin awa, yana cewa likita ne ya ce ya riƙa motsa jini. In ya zo daidai shagon tela sai ya yi kamar yana amsa waya. Ya taɓa tunanin ya zo da babur ya sauka a kwanar ya tura shi, amma tela yana nan, kullum yana nan, kekensa na kallon titi, kuma magidanci mai furfura a gemu da ke tura lafiyayyen babur a kwanar da ya taɓa faɗuwa ba ya buƙatar mai fassara.

Inna ba mai yawan magana ba ce. Ita ta raine su su biyar bayan rasuwar mahaifinsu, da wanki da guga. Shi ne na fari, Babba take ce masa. Wata shida ba ta ce uffan ba. A na bakwai ta fara tambayar lafiyar babur, irin tambayar da kaka ke yi wa jikan da ba a taɓa kawo mata ba. A na tara ya shigo da gumi, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana ci gaba da tsince wake, sannan ta ɗaga murya ta kira ƙanwarsa Auta, wadda ke zaune tare da ita.

"Auta, kawo wa baƙo ruwa. A kofin gilashi."

Kofin gilashi a kabad yake zama, na mutanen da ake jin nauyinsu ne. Nasa kofin na silba mai lotsattsen baki, wanda yake sha da shi tun yana firamare, yana kife a kan randa yana kallonsa. Ya sha ruwan gilashi. Da Auta ta rako shi ƙofa ta gaya masa a hankali cewa Inna ta daina cewa Babba. In za ta ambace shi sai ta ce surukin mutane.

"Yaya, ko sau ɗaya ka shigo mata da babur ɗin nan," in ji ta. "Kowa ya gan shi sai ita. Cewa take wai kana ganin ya fi ƙarfin lungunmu."

Ya ce zai duba. Ya kuwa duba, a taswira, har sau uku. Lungun bai canza ba. Shi ma kansa, shekara goma sha biyar da suka wuce, yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar da ta bar kwanar yadda take.

Wanda ya gano shi masinjan ofis ne, wani tsoho siriri da kowa ke ce wa Baba Masinja, wanda ke kai takardu a kan babur tun kafin a ɗauki Mai-taswira aiki, bai kuma taɓa karanta ko ɗaya ba. Wata rana bayan an tashi, Mai-taswira ya sauko ya tarar da shi tsugune a gefen babur ɗinsa yana shafa tayar baya da babban yatsa. Gefen dama ya cinye, ya yi sumul. Gefen hagu kuwa sabo fil, har 'yan gashin roban da taya ke zuwa da su daga kamfani suna nan tsaye. Tsohon ya ɗago, ya dubi takalmin Mai-taswira na hagu, wanda ƙasansa ya sire saboda jan ƙafa duk inda titi ya ɗan karkata, ya miƙe yana karkaɗe hannu.

"Yallabai, a ina ka faɗi?"

Mai-taswira ya fara maganar akuya. Baba Masinja ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce shi ma tasa akuyar ta taɓa gitta masa, a ƙofar gidan da yake neman aure. Ya ce gobe in an tashi kada Yallabai ya yi saurin tafiya.

A bayan ofis, kusa da matacciyar motar ma'aikata, akwai fili na siminti. Baba Masinja ya jera gwangwanayen fenti ya yi da'ira, ya ce a zagaya ta hagu. Mai-taswira ya lura da'irar ba ta daidaita ba, ya nemi igiya zai gyara. Tsohon ya ce titi ma ba daidai yake ba, kuma Yallabai ya fi kowa sanin dalili. Zagayen farko ya taka gwangwani biyu. Na biyu ya taka wanda ya fi kallo. Tsohon ya ce to ga karatun nan duka: babur ba shi da ido, naka yake ara, inda ka kalla nan zai kai ka. Ya ce a rage gudu kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. In an shiga a bar birkin gaba ya huta, a riƙe totur daidai, kada a ƙara kada a saki. A matse tanki da gwiwoyi, a sassauta kafaɗu, a ɗauke ƙafa daga ƙasa, don ƙafa ba taya ba ce. Mai-taswira ya fito da biro zai rubuta. Baba Masinja ya karɓe biron ya sa a aljihunsa.

Abin da ya fi wuya juya kai ne. Shekara ashirin da biyu na sunkuyo a kan teburi sun koya wa wuyansa kallon abin da ke gabansa kaɗai. Sai tsohon ya riƙa tsayawa a inda kwanar za ta ƙare yana ɗaga yatsu, wani lokaci biyu, wani lokaci huɗu, kuma dole Mai-taswira ya faɗi adadinsu tun yana tsakiyar zagaye.

"Nawa ne, Yallabai?"

"Uku."

"Huɗu ne. Gwangwani kake kallo, ranka ya daɗe. Gwangwani ba shi da yatsu."

Ya faɗi sau biyu, a hankali, faɗuwar da ba ta fi zama ba, ya gano cewa ƙasa tana nan inda take, kuma ba ta da wata niyya a kansa. Mako biyar suka yi a haka. Kowace yamma yana isa gidan surukai a makare da rabin awa. Tsohon direban jirgi ya koma duba agogo. A gaban Mai-taswira ma yake dubawa. A mako na shida Baba Masinja ya tsuguna ya shafa taya, ya tarar gashin roban sun tafi. Ya mayar wa Mai-taswira bironsa.

Ranar hutu da hantsi ya fita. Ya bi tsohuwar hanya, ya tsaya a bakin lungu, injin na aiki. Ya hango tela a kan kekensa. Ya hango lambatu, yana nan yadda ya bar shi, ya ɗan ƙara cika ma. Ya tuna kofin gilashi, ya sa giya ta ɗaya, ya gangara, ya rage gudu tun kafin shagon, ya saki birki. Idonsa ya fara jansa wajen lambatu, tsohon abokin hira. Ya murɗe wuyansa da ƙarfi zuwa hagu, ya nemi yatsun Baba Masinja, bai same su ba, sai ƙofar gidan Inna, shuɗiya, da igiyar shanya a gefenta. Ya kafe ta da ido. Babur ya ɗan kwanta, ya bi. Shi ke nan. Abin bai kai daƙiƙa huɗu ba. Tela ma bai ɗago ba, yana saka zare a allura.

Ya shiga da babur har tsakar gida. Inna ta fito tana goge hannu, ta zagaya shi sau ɗaya, ta taɓa kujerar, ta taɓa madubin, ta ce ashe ƙarami ne, yadda ake labarinsa ta zaci ya fi haka. Ta sa musu albarka, shi da babur ɗin. Sannan ta juya ta ce, "Auta, ba Babba ruwa."

Aka kawo a kofin silba. Ya shanye, ya nemi ƙari. Yana riƙe da kofin, yana shirya yadda zai gaya mata komai, lambatu da tela da akuyar da babu ita, sai ta riga shi.

"To, yanzu da ka gane hanya," ta ce, "ni ba na neman fiye da abin da ake yi wa mutane. Safe da yamma ya ishe ni."

Ya ce to.

Ranar aiki ta farko ya bi gajeriyar hanya, ya shiga lungu ya gaida Inna, ya isa ofis mai shara bai gama ba. Ya zauna a teburinsa yana kallon tankin ruwa da wani sauƙi a ƙirji da ya manta irinsa. Da yamma ya sake gaida Inna, ya wuce gida kai tsaye, rana ba ta ma yi sanyi ba. Ya tarar da matarsa zaune da waya a cinya. Babanta ya kira sau huɗu. Tun safe yake kan benci, ya ƙi shiga cin abinci, har ya ce ta duba asibitinsu ko an kawo wani mai babur. Mamarta kuma tana tambaya in wani abu aka yi masa, a gaya mata ta ba da haƙuri. Matar ba ta ɗaga murya ba.

"Baban yara, me suka yi maka?"

Ya buɗe baki. Gaskiyar tana nan a shirye, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ya dubi fuskarta, ya tuna ƙwallar da ta share, ya tuna safa. Ya ce aiki ne ya yi yawa, gobe zai je.

Washegari ya je. Tsohon ya amsa gaisuwa, ya dubi agogo, ya ce ba komai, jirgi ma yakan yi latti, amma ba ya fasa zuwa. A ofis Mai-taswira ya shimfiɗa taswirar gari, ya feƙe fensir, ya zauna haɗa hanyoyin biyu, wannan karon da hagu da dama duka a hannunsa, kamar kowane cikakken mai babur. Lungun Inna yana ta gabas. Gidan surukai yana ta yamma. Baba Masinja ya leƙo da takardu, ya tambaya ko hagun ta zauna, ya ce ta zauna, Baba, Allah ya saka da alheri. Bayan wata biyu tsohon ya sake shafa tayar, ya tarar gefe biyun suna cinyewa daidai, da sauri ma, ya yaba ƙwarai.

Mai-taswira ya iya shan kwanar hagu yanzu, kafaɗu a sake, ido a inda ya dace. Daga gidansa zuwa ofis minti goma ne. Yana yin sa a awa ɗaya da kwata.